Ka Sauka, Keke Bai Sauka Ba: Yadda Za Ka Je Gasa a Jirgi

Ka yi watanni kana zagaya filin tseren keke na Abuja, wanda aka gina domin wasannin Afirka na 2003, yau ga sunanka cikin tawagar da za ta Alƙahira. Barka, ƙanena. Saura abokin karawa guda da koci bai shirya ka a kansa ba, wato jirgin sama.

Na taɓa tsayawa kusa da wani matashi a wurin ɗaukar kaya. Bel na juyawa, akwatuna na fitowa, kowa na ja da nasa, har wurin ya watse bel ya tsaya cak. Saura kwana biyu gasa, kuma takalmansa da fedarsa da hular kwanonsa duk suna cikin akwatin keken da bai iso ba. Bai yi kuka ba, amma da kyar. Ga yadda za ka kauce wa irin wannan tsayuwa.

1. Tambayi kamfanin jirgi kafin ka biya kuɗin tikiti. Ka ce musu keke za ka ɗauka, ka faɗi tsawo da faɗi da nauyin akwatin. Yawanci kilo 23 ake ba jaka ɗaya, abin da ya haura 32 kuwa ba sa karɓa ko da za ka biya. Wasu ƙananan jirage ma akwatin ba ya shiga cikinsu. Duk abin da suka amince, su turo maka a imel, ka buga a takarda. "Ai wani ya ce mini a waya" ba ta aiki a gaban teburin awo.

2. Yi tikiti ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. In ka yanki biyu daban don neman araha, jirgin farko ya yi latti, na biyun babu ruwansa da kai. In akwai canjin jirgi, bar aƙalla awa uku a tsakani. Kai za ka iya gudu zuwa ƙofa, akwati ba shi da ƙafa. Ka isa da kwana uku kafin gasa, in lokacin hunturu ne kuma daga Kano za ka tashi, ƙara kwana guda saboda hazo.

3. Wannan ne ya fi duka, ka natsu. Raba kayanka gida biyu: abin da za a iya ara maka, da abin da jikinka kaɗai ya sani. Keke ana aro. A gasar Olamfik ta Paris a 2024, Ese Ukpeseraye ta Nijeriya da keken da tawagar Jamus ta ara mata ta yi tseren cikin fili. Amma wa zai ara maka takalmin da ya saba da tafin ƙafarka? Takalma, feda, sirdi, hular kwano, rigar tsere da lasisinka na hukumar tseren keke ta duniya (UCI), duk su shiga jakar hannu, su kwana a saman kanka cikin jirgi. Fasfo da katin rigakafin zazzaɓin shawara su zauna a aljihu.

Sannan ɗauki tef ɗin tela ka auna kekenka: tsayin sirdi daga tsakiyar inda feda ke juyawa, nisan hancin sirdi zuwa kan keke, da yadda kan ya yi ƙasa da sirdi. Rubuta a waya, rubuta a takarda. Haɗa da adadin haƙoran farantin sarƙa na gaba da na baya da kake tsere da su. Keken fili giya ɗaya gare shi, ba birki, kuma muddin taya na juyawa feda na juyawa, saboda haka kuskuren santimita ɗaya a sirdi gwiwarka ce za ta biya shi. Da waɗannan lambobi, makaniki zai saita maka keken aro cikin ɗan lokaci.

4. Ɗaure keken kamar ka san za a jefa shi, don za a jefa. Akwati mai tauri ya fi. In babu, nemi kwalin sabon keke a shago ka ninka shi biyu. Cire feda da tayoyi da kan keke, naɗe jikin da soso ko tsofaffin tawul, kuma sa wani abu mai ƙarfi a gurbin da tayoyin suka bari, kada nauyi ya matse ƙarfen. Rage iskar taya kaɗan. Kada ka bar ko noti ɗaya yana yawo a ciki.

5. Gam ɗin manna taya yana kama wuta, ba ya shiga jirgi, saye shi can. Sifana da sauran kayan aiki su bi babban akwati, in ba haka ba masu bincike za su ƙwace. Batirin cajin waya kuwa jakar hannu ne wurinsa.

6. Kafin ka rufe, ɗauki hoton keken ta kowane ɓangare, da akwatin a kan sikeli. Rubuta suna da lambar waya ciki da waje. In da hali, jefa na'urar bin sawu irin AirTag ciki. Ƴar takardar nan mai lamba da ake manna wa tikitinka, ɗauki hotonta ita ma, don ita ce shaidarka.

7. Da ka sauka, kada ka kafe a gaban bel. Manyan kaya sau da yawa ta wata ƙofa daban ake fito da su, tambayi ma'aikata. In keken ya zo, buɗe shi nan take ka duba. In bai zo ba, ko ya zo a fashe, kada ka fita daga filin sai ka cike takardar ƙorafin kaya da ake kira PIR, ka karɓi lambarta. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 kan sufurin jiragen sama ta ba ka kwana 7 ka rubuta ƙorafi kan kayan da suka lalace, kwana 21 kan waɗanda suka yi jinkiri. Sai dai diyyar tana da iyaka, kusan dala 2,000 ce, alhali tayoyin tsere biyu kaɗai na iya cinye wannan. In kekenka mai tsada ne, bayyana ƙimarsa tun wurin awo ka biya ƙari, ko ka yi masa inshora.

8. Keke bai zo ba? Kada ka zauna a otal kana jiran waya. Faɗa wa koci da masu shirya gasar a daren, da safe ku zaga wurin sauran tawagogi. Manyan ƙasashe kan zo da keken ko-ta-kwana, kuma wanda ya fara tambaya shi ke samun daidai tsawonsa.

Gobe da safe, kafin ka fita atisaye, aro tef ɗin tela ka auna sirdin nan. Minti goma ya isa.