Nasiha ga Uban da Zai Sayi Keken Ɗaukar Yaro

Ɗana, na ji ka yanke shawarar sayen keke don zuwa aiki da kai ɗiyarka makaranta. Allah Ya sa albarka. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin man fetur, kuɗin babur ya fi ƙarfin magidanta da dama a Bodinga da Sifawa da Danchadi, kuma komawa ga abin da iyayenmu suka hau ba abin kunya ba ne. Sai dai keken da za ka ɗora yarinya a kai ba a zaɓensa yadda samari ke yi. Su fenti da sitiyari suke kallo. Kai ka zagaya, ka fara dubawa daga baya, inda za ta zauna.

A zamaninmu Raleigh muka sani, wanda har masana'antarsa aka yi a Kano, sai Phoenix na Sin da Hero na Indiya. Suna ɗaukar buhun gero ba su ji ba, amma suna da nauyi, ba su da giya, kuma birkinsu na sanda ba ya kamawa sosai idan ruwa ya taɓa shi. Yau kasuwar Sakkwato ta cika da iri-iri. Keken tsere mai siririyar taya ba naka ba ne, tsidau ɗaya zai zaunar da kai gaban mai faci. Wanda aka yi wa sifirin gaba da baya, in dai mai araha ne, shi ma ka wuce shi: sifirin yana shanye ƙarfin ƙafarka a kan kwalta, yana saurin kwancewa, kuma yawanci ba shi da wurin ɗaura kariya. Naka shi ne na tsaka-tsakin nan, mai miƙaƙƙen sitiyari da ke barin mutum ya zauna ya ga gabansa, mai taya mai faɗin milimita 38 zuwa 45. Irinsa yana gudu a kan titi, kuma ba ya nutsewa da wuri in ka sauka kan yashin unguwa.

To, koma bayan keken. Ka duba ko jikinsa yana da ramukan noti kusa da gindin ƙafar baya da ƙasan sirdi, domin nan ake ɗaure kariya ta zauna daram. Kariyar da aka maƙala a sandar sirdi kawai ba ta ɗaukar mutum. Masu kyau an buga nauyin da suke ɗauka a jikinsu, galibi kilo 25, kujerun yara na baya kuwa yawanci kilo 22 ne iyakarsu. Ka murza ƙafar bayan ka ga ko tana lilo, ka matsa wayoyinta biyu-biyu ka ji ko akwai sakakkiya, domin nauyinku duka a kanta zai sauka.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙafar yaro. Duk wanda ya daɗe a garin nan ya ga yaron da diddigensa ya shiga cikin wayoyin taya, fata ta saɓule, wani har ƙashi ya taɓu. Abin yana faruwa cikin ƙiftawar ido, sau da yawa lokacin da barci ya ɗauki yaron ƙafarsa ta saki. Don haka kada ka ɗora ta a kan tsurar kariya da tsumma. In ka sami kujerar yara mai majingini da ɗamara da matakin ƙafa, saye ta ko da za ka rage kuɗin keken. In ba ka samu ba, mai walda zai haɗa maka majingini da mataki, sannan a rufe gefen tayar biyu da faranti ko roba mai kauri. Kada ta hau ba takalmi, kuma a tattare mata hijabi da zani kafin ku tashi. Jaririn da bai cika shekara ba kuwa, wuyansa bai yi ƙwarin jure girgiza ba, a bar shi a bayan uwarsa.

Maganar mai walda ce ma ta sa na fi son keke mai jikin ƙarfe a kan na alminiyom. Ƙarfe in ya tsage, kowane mai walda a Bodinga ko Shagari zai gyara. Kada kuma ka raina wanda ake kira keken mata, marar sanda a tsakiya. Da yarinya a baya ba ka da damar wurga ƙafa ta kanta, ta gaba za ka hau, ga kuma babbar riga.

Giya bakwai ta ishe ka, yankinmu ba shi da tsaunuka. Birkin waya mai roba ya fi maka wanda ke aiki da mai, saboda ana samun kayansa. Kafin ka biya, tafi da mai gyaran keken unguwarku, musamman in na hannu ne da aka shigo da shi daga Turai. Ya duba tsaguwa a mahaɗai, ya kuma karanta lambar taya. Akwai tarko a nan: tsohuwar taya 28 ta Phoenix lambarta 635, ta sababbin kekuna da ita ma ake kira 28 lambarta 622, ɗaya ba ta shiga gargaren ɗaya. Keken da ba a sayar da tayarsa kusa da kai, komai arharsa, kwanciya zai yi a zaure.

Saura hanya. Titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Bodinga da Shagari zuwa Tambuwal da Jega na tireloli da tankoki ne, iskarsu kaɗai tana ture mai keke. In akwai hanyar cikin gari, bi ta ko da ta fi nisa. A hunturu hazo yana ɓoye ka, don haka ka sa fitila ja a baya. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, ka fita da sassafe da gorar ruwa. Ka nema mata hular kwano daidai kanta, kuma kada ka bar ta a kan keke yana tsaye a kan jak ka juya baya.

Kafin ranar da za ka fara ɗaukar ta, ɗaura buhu mai nauyinta a kujerar, ka zagaya unguwa ka gwada birki da kwana har hannunka ya saba. Sannan ka yi bisimilla ka ɗora ta. Ka gaida mini mahaifiyarta.