Rumbun Gari, Maganin Yunwar Damina

Kowane manomi ya san yunwa ba da kaka ta ke zuwa ba. Lokacinta tsakiyar damina ne, watau watan Yuli da Agusta, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare, sabo kuwa bai nuna ba. A lokacin nan ne magidanci ya kan bar gonarsa cikin ciyawa, ya tafi ƙwadago gonar wani don ya samo na tuwon dare. Gonar da ba ta sami noma ba kuwa ba ta cika rumbu. Ta haka yunwar bana ta ke haifar ta baɗi.

Abin takaici, sau da yawa geron da mutum ya ke saye da tsada a Agusta shi ne wanda ya sayar da araha a Nuwamba, don biyan bashi ko hidimar biki.

Maganin da aka samo shi ne a tara abinci wuri ɗaya da sunan jama'a. Wannan dabara iri biyu ce. Akwai ta birni. A shekarar 1967 wani mutum a birnin Finiks na Amurka, sunansa John van Hengel, ya buɗe sito inda a ke tara abincin da kantuna za su zubar alhali bai lalace ba, a raba wa mabukata. Shi a ke kira bankin abinci. Akwai kuma ta ƙauye, watau bankin hatsi, wadda ta bazu a ƙasashen Sahel bayan farin 1973 da 1974. A Nijar an ƙara kafa su da yawa bayan yunwar 2005, wadda ta biyo bayan fari da fara na 2004. A jihar Maraɗi mata ne su ke riƙe da waɗansu daga cikinsu.

Ga yadda na ƙauye ya ke aiki. Mutanen gari su kan zaɓi shugaba, da magatakarda, da ma'aji. Da kaka a sayi hatsi tun yana araha, ko kowane gida ya kawo nasa kason. A misali, gari mai gida 100, in kowane gida ya ba da tiya 10, an sami tiya 1,000 ke nan, wajen buhu 25. Sai a rufe, ba a taɓawa sai damina ta yi tsakiya. Sa'an nan a buɗe, a sayar wa 'yan gari kaɗan kaɗan ƙasa da kuɗin kasuwa, ko a ba su rance su biya da hatsi in an yi girbi.

To, amma bankuna da yawa sun mutu, kuma abin da ya kashe su sananne ne. Na farko, bashi. Wanda ya ci buhu da damina bai mayar da kaka ba, abincin maƙwabcinsa na baɗi ya ci. Na biyu, sayarwa da hasara. Lalle kuɗin sayarwa ya biya kuɗin saye, da na buhu, da na dako, in ba haka ba jarin ya kan narke cikin 'yan shekaru. Na uku, rashin lissafi. Kowace tiya da ta shiga ko ta fita a rubuta, a karanta littafin gaban jama'a, mabuɗan sito kuma kada su taru hannun mutum ɗaya. Na huɗu, ɓarna. Hatsi ya bushe sarai kafin a ɗura shi, a jera buhuna bisa katako nesa da bango saboda gara da laima, a toshe ramin ɓera. Wake kuwa a sa shi cikin buhun nan mai ciki uku wanda iska ba ta shiga, gama ƙwaro ba ya rayuwa a ciki.

Taimakon gwamnati ko na wata ƙungiya yana iya cika sito karo na farko. Cikawa ta biyu aikin mutanen gari ne. Garin da ya ke so ya gwada, da kaka ya kamata ya yi shawara, tun dammuna suna tsaye a gona, gama ran wanka ba a neman sabulu.