Ƙashin Wuya da Sirrin Tsawonsa

Kowane yaro a Gusau, da Tsafe, da Bunguɗu ya san raƙumi, yana kuwa ganin yadda yake miƙa wuya ya ci ganyen ƙaya. Amma ba kowa ya san ƙasusuwa nawa ne a cikin wuyan nan ba. Guda 7 ne kacal, a jere kamar tsakiyar carbi. Wuyan mutum ma 7 ne, haka na akuya, haka na raƙumin dawa. Bambancin yana ga tsawon kowane ƙashi. Na mutum bai kai tsawon ɗan yatsa ba, na raƙumin dawa kuwa yakan kai santimita 25.

A zamanin da can, tun kafin a sami raƙumi a duniya, an yi waɗansu manyan dabbobi da ake kira dainoso. Sun ƙare tun shekara miliyan 66 da suka wuce, sai ƙasusuwansu da suka zama dutse. Daga cikinsu akwai masu cin ganye, masu ƙaramin kai da dogon wuya da doguwar jela. Su ne ake kira soropod.

Ba nisa da mu aka sami waɗansu ba. A 1997 wani masani Ba'amurke, Paul Sereno, da abokan aikinsa suka haƙo ɗaya kusa da Ingal, a ƙasar Agadas ta Nijar. Aka sa mata suna Jobaria, daga sunan wani dodo na tatsuniyar Buzaye. Tsawonta ya wuce mita 15, ƙasusuwan wuyanta 12. Akwai kuma Nigersaurus, ta Gadufawa cikin hamadar Tenere. Ita 13 gare ta, amma wuyanta gajere ne, domin kowane ƙashi gajere ne. A ƙasa take cin abincinta, kamar saniya.

A ƙasar Sin kuwa an sami Mamenchisaurus. Wani irinta yana da ƙasusuwan wuya 19, dogaye duka, har wuyan ya wuce mita 9. A Amurka an haƙo ƙashin wuya guda ɗaya wanda ya fi mita 1.

To, yaya dabba za ta ɗauki wuya irin wannan bai rinjaye ta ba? Ƙasusuwan ba cike suke ba. Akwai ramuka a cikinsu inda iska ke shiga, kamar na tsuntsu, saboda haka ba su da nauyi. Kai kuma ƙarami ne, domin dabbar ba ta tauna, sai ta tsinki ganye ta haɗiye. Da haka takan tsaya wuri ɗaya ta ci sama da ƙasa, dama da hagu, ba ta wahalar da jikinta.

Ashe yawan ƙasusuwa kaɗai ba ya kawo dogon wuya, sai an haɗa da tsawon kowanne. Don haka masana sukan ƙirga, su kuma auna. Ƙasusuwan nan ba su da ƙwari. Wanda ya tsinci irinsu a daji kada ya fasa, sai ya gaya wa malaminsa ko dagaci, gama in sun karye ba mai sake auna su daidai.

Tambayoyi

1. Ƙasusuwa nawa ne a wuyan raƙumi?
2. A ina aka haƙo Jobaria?
3. Don me wuyan Nigersaurus bai yi tsawo ba?
4. Me ya rage wa wuyan soropod nauyi?