Da Yawun Wa Manhaja Take Aiki?

Duk abin da kuka ga yana motsi a cikin waya ko kwamfuta, manhaja ce take aiki. WhatsApp manhaja ce, haka abin da kuke tura kuɗi da shi, haka na ɗaukar hoto. A ƙarƙashinsu duka akwai babbar manhaja wadda take riƙe da na'urar gaba ɗaya, kamar Android a yawancin wayoyinmu, ko Windows a kwamfutocin ofis. Ƙananan ba sa taɓa komai sai ta hannun babbar. In ɗaya tana son buɗe hoto, ko goge takarda, ko kunna kyamara, sai ta roƙa. Babbar kuwa kafin ta amince, abin da take fara dubawa shi ne: wa ya tayar da wannan manhaja?

Manhaja tamkar ɗan aike take. In mai gida ya aiki yaro ya ɗebo gero a rumbu, za a buɗe masa, domin da yawun mai gida ya zo. In baƙo ne ya aiko yaron nan, ba mai buɗe masa, alhali yaron bai canza ba. Manhajar da kuka buɗe tana ɗauke da sunanku. Abin da aka yarda ku taɓa shi za ta iya taɓawa, abin da aka hana ku ita ma an hana ta.

Wannan tsari ya samo asali ne tun lokacin da kwamfuta take cika ɗaki guda, ga tsada, sai jami'a ko babban kamfani ke iya mallakarta. Mutane da yawa suke aiki da guda ɗaya. A jami'ar MIT da ke Amurka, a farkon shekarun 1960, wani masani mai suna Fernando Corbató da abokan aikinsa suka bai wa kowane mai amfani da kwamfutarsu suna da kalmar sirri, don kada wani ya shiga takardun wani. A 1969 kuma Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina babbar manhajar Unix a cibiyar bincike ta Bell Labs. Tsarin izinin da aka sa wa Unix har yau ana aiki da shi.

A wannan tsari kowane mutum yana da lamba. Kowane fayil, wato takarda ko hoto ko wani abin da aka ajiye, yana da mai shi. Izini kuma iri uku ne: izinin karantawa, da izinin rubutawa ko canzawa, da izinin tayar da abu in manhaja ce. Mutane ma an kasa su uku: mai fayil, da 'yan ƙungiyarsa, da sauran jama'a.

A ce ƙungiyar manoma tana da kwamfuta ɗaya a ofishinta, a ciki akwai fayil ɗin kuɗin taki. Ma'aji shi ne mai fayil, yana karantawa yana rubutawa. 'Yan kwamiti suna karantawa, amma ba za su iya canza ko sisin kwabo ba. Sauran masu zuwa buga wasiƙa kuwa ko buɗe shi ba za su iya ba. Masana suna rubuta wannan da lissafi mai sauƙi, wanda duk mai iya tarawa zai gane. Karantawa 4 ce, rubutawa 2, tayarwa 1. Ma'aji yana da 4 da 2, sun zama 6. 'Yan kwamiti suna da 4. Sauran jama'a suna da 0. Sai a rubuta 640. To, idan ɗan kwamiti ya buɗe fayil ɗin da manhajar rubutu, ya goge wani adadi, ya zo ajiyewa, kwamfuta za ta ƙi. Manhajar lafiyarta ƙalau. Da ma'aji ne ya buɗe ta, da ta ajiye.

Akwai suna ɗaya da ba a hana shi komai. A Unix da danginta ana kiransa root, lambarsa 0. A Windows shi ne admin. Ana buƙatarsa wajen saka sabuwar manhaja, ko buɗe wa sabon ma'aikaci asusu, ko gyara. Amma yin aikin yau da kullum da shi ganganci ne. Idan kuna cikin asusun admin kuka buɗe wani abu da aka turo muku, ashe muguwar manhaja ce, ta sami ikon admin ke nan, tana iya ɓata kayan kowa. Da a ƙaramin asusu kuke, ɓarnar galibi ba za ta wuce kayanku ba. Shekaru da yawa mutane sun yi ta zama a asusun admin ba tare da sanin haɗarin ba, har kamfanin Microsoft ya sa wani shinge a Windows Vista da ta fito a 2007, inda kwamfuta take tsayawa ta tambaya kafin manhaja ta yi babban canji. Tun 1975 masana biyu, Jerome Saltzer da Michael Schroeder, suka rubuta ƙa'idar da ake bi: kowane mutum da kowace manhaja a ba su ikon da aikinsu yake buƙata kawai.

Wani zai ce, ai wayata ni kaɗai nake amfani da ita. Gaskiya ne, amma Android, wadda aka gina a kan Linux, ɗaya daga cikin dangin Unix, ta yi wata dabara. Kowace manhaja da kuka saka ana ba ta lambarta, kamar ita ma mutum ce daban. Shi ya sa manhajar wasa ba ta iya leƙa abin da manhajar banki ta ajiye. In tana son wani abu a wajen nata, kamar lambobin mutanenku, ko hotuna, ko wurin da kuke, sai ta tambaye ku. Tun daga Android 6 ta shekarar 2015, tambayar tana fitowa ne a lokacin da manhajar take son abin, kuma kuna da ikon cewa a'a.

A nan ne mutanenmu da yawa suka cutu, kuma abin yana da ciwo. Wasu manhajojin ba da bashi a Najeriya sun riƙa neman izinin ganin lambobin waya. Mai neman bashi yana cikin matsi, sai ya danna yarda. In ya yi jinkirin biya, sai a tura wa surukansa da abokan sana'arsa saƙon cin mutunci. A 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta ɗauki mataki a kan irin waɗannan kamfanoni, a 2023 kuma Google ya hana manhajojin bashi neman lambobi da hotunan mutane. Amma lambobin da aka riga aka kwasa ba sa dawowa.

Saboda haka in tambaya ta fito a fuskar waya, ku tsaya ku karanta, ko ku sa wanda kuka amince da shi ya karanta muku. Manhajar tocila ba ta da aiki da lambobin mutanenku. Ku shiga wurin saitin waya, ku nemo sashen izini, za ku ga kowace manhaja da abin da kuka ba ta, kuma kuna iya janyewa.

A ofis ko shago kuwa, kowane ma'aikaci ya sami asusunsa. Kwamfuta ba ta san fuska ba sai an koya mata, sunan da aka shiga da shi ta sani. In mutum biyar suna shiga da suna ɗaya, ranar da aka canza lissafi ba za a gane wanda ya yi ba, sai zargi ya hau kan mai sunan. Wanda ya bar aiki kuma, a rufe asusunsa a ranar.