Yaya ake ƙara wa injin mota ƙarfi don tsere?

Wani mai sauraronmu, bakanike a Jama'are, ke tambaya ko mutum zai iya gyara injinsa da kansa don tseren gajeren zango.

Zai iya, amma daga filogi ake farawa. Bakanike ya kwance shi ya duba bakinsa: baƙin hayaƙi na nufin mai ya yi yawa, fari fat kuwa iska ce ta rinjayi mai, kuma hakan kan ƙona fistin. Injin fetur na ƙona mai sarai idan iska ta ninka shi sau 14.7 a nauyi, masu tsere kuma kan sauko wajen 12.5 don neman ƙarfi. A tsohuwar mota kafireto ake murɗawa, a sabuwa sai da kwamfuta.

Shi wannan tsere a Amurka ya yi ƙarfi, inda Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA a 1951. Zangonsa mita 402 ne kacal, a killataccen fili.

Gwaji fa? Ba a titin Jama'are zuwa Azare ba, inda tirela da ɗan acaɓa da garken shanu ke haɗuwa. Masu sana'ar kan ɗaure motar a kan na'urar dainamomita, tayoyi na juyawa, mota na tsaye.