Darasin Lafiya: Maganin Taɓin Hankali da Ɗaurewar Ciki

A cikin ziyarar da muke yi gida gida, mun saba tambayar iyalin mai taɓin hankali abubuwa uku: yana shan magani? Yana barci? Ya daina faɗa da mutane? In an ce i, sai mu gode wa Allah mu wuce gida na gaba. Akwai tambaya ta huɗu da muka daɗe ba mu yi, domin kunya, domin kuma ba mu san nauyinta ba. Ita ce: yaushe rabonsa da bayan gida?

Abin da ya koya mana wannan tambaya ya faru ne a wani ƙauye da muke aiki. Wani saurayi ya fi shekara yana shan magani, ya natsu, har ya koma gona. Ran nan muka tarar da shi kwance a zaure. Mahaifiyarsa ta ce, "Ɗana, zawo ne yake damunsa tun jiya, na sayo masa maganin tsai da zawo." Muka ce, "Mama, kafin zawon fa, yana fita daidai?" Ta yi shiru, ta ce ai shi ba yaro ba ne da za ta riƙa binsa. Da muka ja shi gefe, sai ya ce ya kusa mako biyu bai yi na kirki ba. Cikinsa ya kumbura, ya yi tauri kamar ganga. Aka kai shi asibiti a daren, ya kwana shida a can. Ya rayu, amma kuɗin da aka kashe ya cinye akuyoyi biyu, ga shi kuma abin da za a iya tarewa ne tun da wuri.

Yadda maganin yake taɓa hanji

Hanjin mutum dogo ne. Ƙaramin hanji ya kai wajen mita 6, babban hanji kuwa wajen mita ɗaya da rabi. Abinci ba ya gangarawa da kansa. Naman jikin hanjin ne yake matsawa yana saki, yana tura shi gaba kaɗan kaɗan, dare da rana, ba tare da saninmu ba. Jijiyoyi ne suke aika wa hanji saƙon ya motsa, ta wurin wani sinadari da ake kira asetilkolin.

Da yawa daga cikin magungunan taɓin hankali, ban da aikin da suke yi a ƙwaƙwalwa, suna tare hanyar wannan saƙo. Sai hanji ya yi sanyi. Aikin babban hanji kuwa shi ne tsotse ruwa daga abin da ya rage na abinci. In bayan gida ya daɗe a ciki, sai a yi ta tsotse ruwansa har ya bushe ya dunƙule. Wannan tarewar saƙo ita ce kuma take sa bakin mai shan maganin ya bushe, ganinsa ya yi dishi-dishi, fitsari ya yi masa wuyar fita. Saboda haka in kun ji yana kukan bushewar baki, ku tuna da cikinsa.

Za mu rubuta sunayen magungunan yadda suke a jikin kwali, domin ku iya dubawa. Wanda aka fi sani a wurarenmu shi ne chlorpromazine, wato Largactil. An fara ba masu taɓin hankali shi a Faransa a shekarar 1952, kuma har yanzu yana taimakon mutane masu yawa, amma yana ɗaure ciki. Olanzapine da quetiapine ma haka. Haloperidol da risperidone ba su kai waɗannan ba, sai dai ga inda matsalar take: sau da yawa ana haɗa su da benzhexol, wato Artane, domin hana sandarewar jiki da rawar hannu. Shi Artane ainihin aikinsa ke nan, tare asetilkolin. Mutumin da yake shan Largactil da Artane, aka kuma ƙara masa amitriptyline don barci, ya haɗa magunguna uku masu kwantar da hanji a ciki ɗaya. In ya je kemis ya ƙara tiramadol ko kodin saboda ciwon jiki, ko ƙwayar ƙarin jini, abin ya ƙara muni.

Wanda ya fi duka haɗari shi ne clozapine. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa ne suke ba da shi, ga wanda sauran magunguna suka kasa, kuma yakan yi aiki sosai. Wajen mutum ɗaya cikin uku na masu shansa suna fama da taurin bayan gida. Wani bincike da aka yi a Niyu Zilan a 2016 ya auna lokacin da abu yake ɗauka kafin ya ratsa babban hanji: ga masu shan waɗansu magunguna awa 23 ne, ga masu shan clozapine kuwa ya haura awa 100. Kafin wannan, a 2008, likitoci sun tattara labarin mutum 102 da hanjinsu ya tsaya ƙwarai saboda wannan magani, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu sun mutu. Hukumar magunguna ta Birtaniya ta ja kunnen likitoci a kan haka a 2017, ta Amurka kuma ta ƙarfafa gargaɗinta a Janairun 2020.

Me ya sa ba su faɗa?

A nan ne muke so ku tsaya ku yi tunani, gama nan ne ake rasa mutane. Lafiyayyen mutum in ya kwana uku bai fita ba, gida duka za a sani. Mai taɓin hankali kuwa yakan yi shiru. Wani ciwon ne da maganin suka rage masa jin zafi, sai cikinsa ya cika bai ji komai ba. Wani ya ji, amma ya gaji da magana ana yi masa dariya. Wani kwanakin sun rikice masa, in ka tambaye shi zai ce jiya ya fita, alhali mako guda ne. Masu bincike ma sun lura cewa da yawa daga waɗanda hanjinsu ya yi sanyi sosai, in aka tambaye su sukan ce lafiya lau.

Mu ma muna da laifi. In ya ƙi cin tuwo, mu ce ciwon ne zai tashi. In ya yi ta juyi yana nishi, mu ce a ƙara masa ƙwaya ya yi barci. In ya ce cikinsa, mu ce basir ne, domin a wurinmu duk abin da ya shafi bayan gida basir ne, sai a nemo jiƙo daga mai talla a kasuwa.

Sai kuma zawon ƙarya, irin na saurayin nan. Sa'ad da busasshen bayan gida ya toshe hanya, ruwa-ruwan da ke samansa yakan zagaya ta gefe ya tsiyayo, har ya ɓata wando. Mai gani zai rantse zawo ne. In aka ba da maganin tsai da zawo kamar Imodium, an ƙara kulle ƙofar da take a kulle. Duk mai shan waɗannan magunguna da ya fara zawo bayan kwanaki bai fita ba, kada a ba shi komai na tsai da ciki sai ma'aikacin lafiya ya duba shi.

In aka bar abin, hanji yakan kumbura har jini ya daina kai masa, wani sashe ya ruɓe ko ya fashe, ƙazanta ta shiga ciki da jini. Wani kuma amai ne yake shaƙe shi yana kwance.

Abin da gida zai iya yi

Da fari, kada a tsai da maganin. Mun ga iyalai da suka ji irin wannan darasi suka ɓoye ƙwayoyin, bayan makonni kaɗan ciwon ya dawo, mutumin ya bar gida. Likita ne zai rage, ko ya sauya, ko ya cire Artane in babu bukatarsa. Clozapine ma in an bar shi fiye da kwana biyu, ba a komawa kan yawan da ake sha dā, sai likita ya sake farawa da kaɗan.

A zaɓi mutum ɗaya a gidan wanda mara lafiya ya yarda da shi, namiji ga namiji, mace ga mace, ya riƙa tambaya a asirce. Ba a gaban baƙi ba, ba kuma da wasa ba. A sa alama a kalanda duk ranar da ya fita. Inda ba kalanda, mun ga wata uwa tana jefa ƙwayar wake a gwangwani, ran Lahadi ta ƙirga ta zubar. Mutane sun bambanta, daga sau uku a rana zuwa sau uku a mako duk daidai ne. Ƙasa da sau uku a mako, ko bayan gida mai tauri kamar na akuya, ko yunƙuri da zafi, a gaya wa ma'aikacin lafiya a makon. Mai shan clozapine in ya kwana biyu bai fita ba, a kira asibitinsa.

Ruwa wajen lita biyu a rana, wato kwatankwacin ledar ruwa huɗu, fiye da haka a bazara, sai dai in likita ya taƙaita masa saboda ciwon zuciya ko ƙoda. Fitsari in ya yi ja, ruwan bai isa ba. Abincin da yake taimako yana bayan gidajenmu: miyar kuɓewa, kuka, zogale, rama, alayyafo, wake, gwanda, mangwaro, lemu a cinye har da tsokarsa, kunun tsamiya. Burodi da farar shinkafa kullum ba su taimako. A kuma bar shi ya motsa, ya je rijiya, ya bi 'yan'uwa gona. Maganin yana sa kasala, amma wanda aka kulle a ɗaki, balle wanda aka sa wa mari, hanjinsa ma yakan kwanta. Lokaci mafi kyau na gwada fita shi ne bayan karin kumallo, a salga mai ƙofa inda ba za a hanzarta shi ba.

Wata magana ga shugabannin ikkilisiya. Sa'ad da aka shirya azumi na ba ci ba sha domin mara lafiya, ku bar masu lafiya su yi a madadinsa. Shi ya ci, ya sha ruwa, ya sha maganinsa.

Abinci da ruwa kaɗai ba kullum suke isa ba. Akwai magungunan sassauta ciki masu sauƙin kuɗi, kamar lactulose, ƙwayar senna da Dulcolax, kuma likitoci da yawa yanzu suna ba da su tun ranar da aka fara clozapine. Senna ɗan'uwan filaskon da muka sani ne, bambancin shi ne ƙwayar an auna ta, tafasasshen ganye kuwa ba wanda ya san ƙarfinsa. Mai shan clozapine kada a cika masa ciki da dusa ko garin ƙara yawan bayan gida, domin hanjin da ba ya motsi ba ya bukatar ƙarin kaya.

Ranar da ba a jira

Ciki ya kumbura ya yi tauri, ko ciwon ciki mai tsanani, ko amai, musamman mai launin kore ko mai wari, ko iska ma ta daina fita, ko zazzaɓi, ko jini a bayan gida, ko ya rikice fiye da yadda ya saba: ko ɗaya daga cikin waɗannan aka gani, a tafi babban asibiti a ranar, inda ake hoto da tiyata. Kada a ba shi abinci, ko kanwa, ko filasko, ko wani maganin wankin ciki, gama tura hanjin da ya toshe da ƙarfi yana iya fasa shi. A kwashi dukan kwalayen magungunansa a leda, har da na kemis da na gargajiya, a ce wa likita, "Yana shan waɗannan, kwana kaza bai yi bayan gida ba."

Don tattaunawa a ƙungiya

A zumuntar mata ko ta maza, ku gwada wannan biyu biyu: ɗaya ya zama mara lafiya, ɗaya ɗan'uwansa. Waɗanne kalmomi za a yi tambayar da su ba tare da an kunyata shi ba? Sa'an nan ku ƙirga gidaje nawa ne a cikinku suke da mai shan irin wannan magani, wane ne kuma yake kula da shi. In abin ya tashi da tsakar dare a damina, babur ko motar wa za a nema, kuɗin mai kuma a hannun wa yake?