Jar Tukunyar Nan Ta Barandar Hostel: Ka Iya Aiki Da Ita Kuwa?

Kafin na shiga darasi, bari na fara tona wa kaina asiri. Muna ND I, lokacin hunturu, aka ɗauke wuta da yamma. Wani maƙwabcin ɗakinmu ya bar hita a cikin bokitin roba bai cire ta daga soket ba, ya tafi karatun dare. Aka dawo da wuta ba kowa a ɗakin. Ruwa ya ƙone, roba ta narke, wuta ta kama gefen katifa. Da abokin kwanansa ya buɗe ƙofa ya kwarma ihu, ni na fara rugawa na ciro tukunyar kashe gobara daga bango. Na matsa, na ƙara matsawa, ko ɗigo bai fito ba. Har na fara cewa "wallahi wannan ta lalace", sai wani ɗan HND ya karɓe ta daga hannuna, ya sa aka kashe babban makunnin wutar layin, ya zare wani ɗan fil, nan da nan ya kashe wutar. Ashe lafiyar tukunya ƙalau, ni ne ban iya ba. Sai da na je SIWES, jami'in kula da lafiyar ma'aikata ya koya mana a aikace, sannan na gane yawan kuskuren da na tafka a daren.

Abu na farko da ya kamata kowa ya sani shi ne, tukunyar nan ba ta daɗewa tana feshi. Irin mai kilo 6 da muke gani a baranda da ɗakin gwaje-gwaje, cikin daƙiƙa 15 zuwa 20 ta ƙare. 'Yar ƙaramar da direbobi ke ajiyewa a mota ma ba ta kai haka ba. Ke nan babu lokacin tsayawa karanta rubutun jikinta wuta na ci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wuta ba ta ci sai abu uku sun haɗu: zafi, da abin da za ta ci, da iskar oksijin, wadda ita ce kusan kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. Kowace tukunya aikinta ta raba wuta da ɗaya daga cikinsu, ko ta katse ƙonewar kanta. Shi ya sa suka bambanta. A tsarin Ingila, wanda shi aka fi gani a nan, jikin tukunya ja ne, sai a sa wani launi a wajen rubutun:

Mai ruwa, ja ce gaba ɗaya. Ta katako ce da takarda da tufafi da katifa. Kada a kuskura a fesa ta a kan lantarki ko mai.

Mai kumfa, launinta ruwan madara. Tana maganin katako da takarda, da kuma fetur da kananzir, domin kumfar rufe saman man take yi. Ita ma a nisanta ta da lantarki.

Mai hoda, launinta shuɗi, galibi da rubutun ABC. Ita ce aka fi samu. Tana aiki a kan katako da fetur da gas, kuma ana iya fesa ta a kan kayan lantarki. Illarta, tana turnuƙe ɗaki, tana sarƙe numfashi, tana kuma ɓata kwamfuta.

Mai iskar CO2, launinta baƙi, bakinta kamar mazurari. Ita ta dace da ɗakin kwamfuta da kayan lantarki, saboda ba ta barin datti. Amma bakin yana yin sanyin da zai iya ƙona fata, don haka ba a riƙe shi da hannu, kuma ba a tsayawa cikin ƙaramin ɗaki rufaffe bayan an fesa.

Mai launin rawaya, ta man girki ce. An fi ganinta a manyan kicin.

Ba kowace tukunya ke bin waɗannan launuka ba, saboda haka a duba hotuna da haruffan da ke jikinta tun ana zaune lafiya.

Yanzu yadda ake aiki da ita. Ni dai na haddace da kalmomi huɗu: zare, saita, matsa, kaɗa. Ka zare fil ɗin da ke tokare da mariƙin, ɗan zaren robar da ke jikinsa zai tsinke. Nan na faɗi jarrabawa a daren can. Ka tsaya nesa da wutar kamar mita 2, ka saita bakin tiyon a gindin wutar, wato kan abin da ke ci. Yawancin mutane harshen wuta suke bi, hodar ta wuce ta cikinsa ta tafi a banza. Sai ka matsa mariƙin, tukunyar na tsaye, ba a kwance ba. Sannan ka riƙa kaɗa tiyon dama da hagu, kana matsowa a hankali yayin da wutar ke ja da baya. Duk wannan kana yi ne ƙofa na bayanka. Kada ka taɓa bari wuta ta shiga tsakaninka da mafita.

In ta mutu, kada ka juya mata baya. Hoda ba ta sanyaya abu, katifa kuwa takan ci ta ciki ta sake tashi. Bayan an tabbatar an kashe lantarki, a jiƙa ta sharkaf da ruwa, a fitar da ita waje.

Akwai gobara biyu da suka fi kusa da mu ɗalibai, musamman 'yan uwanmu mata da masu girki a ɗaki. Ta farko, man gyaɗa ya kama a kasko. Don Allah kada a watsa ruwa. Man da ya kama wuta zafinsa ya haura digiri 300, ruwa kuwa a 100 yake tafasa. Yana shiga sai ya koma tururi nan take, ya kumbura kusan sau 1,700, ya watso man mai ci a fuska da labule. A kashe risho ko gas ɗin, a rufe kaskon da murfin ƙarfe, a bar shi ya huce, kada a ɗauke shi a ce za a fita da shi. Ta biyu, tukunyar gas. Maganinta rufe makunninta, in ana iya kai hannu ba tare da haɗari ba. In ka kashe harshen wutar gas na ci gaba da fita, ka tara abin da zai fashe ne a ɗaki. In ƙamshin gas kawai aka ji, a buɗe tagogi, kada a kunna ko a kashe ƙwan lantarki.

Sai babban darasi, wato sanin lokacin da za ka haƙura. Tukunya ta ƙaramar wuta ce da ta fara yanzu, wadda ba ta wuce girman kwandon shara ba. In ta kai silin, ko hayaƙi ya cika ɗaki, ko tukunyar ta ƙare wuta ba ta mutu ba, ka fita, ka ja ƙofa, ka bar ta ga 'yan kwana-kwana. Hayaƙi ya fi harshen wuta kisa, don haka a sunkuya ƙasa in ana fita. Kuma tun kafin ka ɗauki tukunya, ka yi ihu a tashi na barci, wani ya kira 112, wani ya sanar da masu gadi. Na san abin da ke raina da naku, laftof da furojet da takardun sakandare. Duk ana iya sake samunsu ko da wahala, kada a koma ciki dominsu.

Ga ɗan aikin gida. Yau in ka fito daga lakca, nemi tukunyar da ta fi kusa da ɗakinka. Duba wace iri ce. Duba ɗan agogon samanta, allurar ta kasance a kan kore (mai CO2 ba ta da agogo, da awo ake gane cikarta). Duba ko fil na nan, da ranar da aka yi mata sabis. In ka ga matsala, kai rahoto ga shugaban hostel ko jami'in walwala na ƙungiyar ɗalibai. Masu fesa ta da wasa ranar kammala jarrabawa kuma, ku ji tsoron Allah, tukunyar da aka taɓa ko sau ɗaya sai an sake cika ta.

Hunturu na tafe, mu cire hita da dutsen guga daga soket duk lokacin da aka ɗauke wuta. Allah Ya tsare mu, Ya ba mu sa'ar jarrabawa.